Sawun Zaki a Bangon Birnin Zariya

A wata makarantar sakandare da ke cikin ganuwar birnin Zariya, inda na koyar da Hausa na ɗan lokaci bayan kammala digirina, akwai ɗakin karatu wanda littattafansa ba su taka kara sun karya ba, amma bangonsa na gabas ya isa a tsaya a kalla. Wani malamin zane da ya bar makarantar kafin zuwana ne ya cika bangon da hotunan da ya yanko daga tsofaffin kalandu da mujallu da littattafan tarihi. Ya liƙa su da gam a kan kwali, gefen wannan na hawa kan wancan, har suka zama hoto guda mai faɗin kusan gaba uku. Tun wajen 1912 Picasso da Braque suka shigar da irin wannan aiki cikin fasahar zamani a Faransa, kuma Turawa suna da sunan da suke kiransa. Ni dai liƙe-liƙe zan kira shi, don abin da aka yi ke nan. Manufar mai aikin a fili take: ya jera tarihin zane da sassaƙa tun daga duwatsun hamada har zuwa ƙofar gidanmu, ya kuma zaɓi dabbobi su zama zaren da ya ɗinke tarihin.

Daga hannun hagu aka fara. A sahun farko akwai raƙuman dawa biyu na Dabus, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse arewa da Agadas a ƙasar Nijar. Sai shanun da aka zana a duwatsun Birnin Kudu, masu dogayen ƙahoni, marasa tozo. Sai kan giwa na yumɓu daga fasahar Nok. Sai damisoshin Bini na hauren giwa. Sai zakuna goma sha biyu na fadar Alhamra da ke Granada a ƙasar Andalus, ɗauke da kaskon ruwa a gadon bayansu. A ƙarshen bangon, ta hannun dama, aka iso gida da hotuna uku: ƙofar fadar Zazzau, fuskar wani soro mai ado, da cikin tsohon Masallacin Juma'a. A nan zaren ya tsinke. Babu kofato, babu fiffike, babu wutsiya.

Watanni na yi ina wuce bangon nan ban lura da tsinkewar ba, sai ranar da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta tsaya gabansa da tsintsiya a hannu, ta bi hotunan da ido daga farko har ƙarshe, sannan ta juyo ta ce, "Malam, mu Zazzagawa ba mu iya zana dabba ba ne, ko kuwa dabbobin ne ba mu da su?" Na ba ta amsar da ta fi kusa da bakina, na ce addini ne ya hana. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da shararta. Amsar ba ƙarya ba ce, amma tun daga ranar take yi mini nauyi, domin na bar yarinya ta tafi da tunanin cewa abin da garinta ya kawo wa tarihin fasaha shi ne giɓi. Wannan maƙala ita ce amsar da ya kamata in ba ta. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, dabba ba ta bar bangon Zariya ba, ta dai fita daga siffa ta koma cikin suna, kuma aikin liƙe-liƙen ya kasa nuna ta ne saboda almakashi ba ya iya yanko suna.

Kafin in soki aikin, wajibi ne in ba mai shi haƙƙinsa. Zaɓen dabba a matsayin jigo dabara ce mai kyau, domin yaron da bai san ƙarni ba ya san saniya. Da ya ga shanun Birnin Kudu babu tozo, shi da kansa zai tambayi inda tozon ya tafi, kuma daga wannan tambaya ake shiga tarihin kiwo a ƙasar nan. Jeren yana kuma koyar da cewa fasahar ƙasar nan ba da zuwan Turawa ta fara ba. Nok ƙauye ne a kudancin jiharmu ta Kaduna, kuma mutum-mutumin yumɓun da masu haƙar kuza suka fara tonowa a can a 1928, waɗanda Bernard Fagg ya shiga nazarinsu a shekarun 1940, sun haura shekara dubu biyu. Mai liƙe-liƙen ya ajiye kan giwar daidai tsayin idon yaro, ta yadda mai kallo zai ga idanunta irin na mutanen da masu fasahar Nok suka ƙera ne, masu huda a tsakiya. Giwa ce da kallon mutum. Wannan ajiyewa kaɗai ta nuna mai aikin yana da ido.

Sai dai liƙe-liƙe yana da harajin da yake karɓa daga duk abin da ya shiga cikinsa. Na farko shi ne girma. Babban raƙumin dawan Dabus ya fi mita biyar a jikin dutsensa, amma a bangon nan bai wuce tafin hannuna ba. Na biyu shi ne mahalli. A Dabus akwai layi da ya fito daga bakin kowane raƙumin dawa ya gangara zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum da aka zana a ƙasa. Almakashi ya bi gefen jikin dabbar, ya datse layin, ya yar da mutumin, alhali ko igiya layin yake nufi ko wata alaƙa ta ibada, a nan ne mai sassaƙar ya yi maganarsa. Damisoshin Bini ma haka. Alamar ikon Oba ne, mazauninsu fada, kuma sojojin Ingila ne suka kwashe irinsu a 1897. A bangon ɗakin karatu duk wannan ya zube, an bar damisa mai kyawun zane. Ke nan tun kafin a iso Zariya, aikin ya riga ya koya wa mai kallo ƙa'ida guda, cewa dabba ita ce abin da ke da kai da ƙafafu, wanda za a iya zagaye shi da almakashi. Da wannan ma'auni aka auna Zariya, aka same ta fanko.

Yanzu in koma ga amsar da na ba ɗalibata. Gaskiya ne malaman Musulunci sun ƙyamaci suranta abu mai rai, musamman wanda ke da jiki da inuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yana neman fatawa. An gargaɗe shi, an kuma nuna masa mafita, wato ya zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Zariya kuwa garin malamai ne, kuma bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, wanda ya kawo Malam Musa kan gadon Zazzau, fada da masallaci su ne wuraren da aka fi sa ran ganin wannan tsantseni. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma adon da ke jikin ginshiƙansa layuka ne da da'irori da kusurwoyi.

Amma amsar tana da rauni biyu. Na farko yana manne a bangon kansa, taku ɗaya daga hotunan Zariya. Zakunan Alhamra suna tsaye ne a fadar sarkin Musulmi, Muhammadu na Biyar, tun ƙarni na 14, kuma daga bakunansu ruwa yake fita. Littafin Kalila wa Dimna ma an yi ta kwafarsa da hotunan zaki da dila a biranen Musulunci. Hanin ɗaya ne, amma kowace al'umma da yadda ta zauna da shi, saboda haka cewa addini ya hana bai bayyana dalilin da ya sa bangon Zariya ya zama yadda yake ba. A cikin birnin ma, wanda ya yi yawo da ido buɗe zai ci karo jefi-jefi da ɗan tsuntsu ko ƙadangare a fuskar wani gida. Rauni na biyu ya fi girma. Amsar ta faɗi abin da magini ya bari, ta yi shiru a kan abin da ya yi. Kamar a ce wa mutum ya siffanta rimi ne, ya ce ai ba kuka ba ne.

Da ɗan gari akan ci gari. Na bar hotuna na tafi wurin masu ginin. A unguwar Babban Gwani, wadda har yau take amsa sunan maginin masallacin, na tarar da wani dattijon magini yana gyaran zaure kafin damina. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka faɗa mini sunan duk abin da na nuna." Na nuna tsinin da ke tsaye a kusurwar soro, ya ce zanko. Na nuna ƙullin da aka yi a saman ƙofa, ya ce dagi. Muka shiga ciki, na ɗaga kai na nuna lanƙwasar da ta tashi daga bango ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiyar rufi, ya ce bakan gizo. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ku 'yan boko sai an zana muku kaza har da ƙafafunta kafin ku yarda kaza ce." Sunaye uku ya ba ni a zaure ɗaya, kuma kowanne da dabba a cikinsa.

A ɗauki dagi tukuna. Yau in aka ce dagi, abin da ke zuwa zuciya shi ne tambarin Arewa, ƙullin nan da ya zama alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ake gani a ƙofofi da riguna da takardun ƙungiyoyi. Amma kalmar a harshe tafin ƙafar zaki ce, ko damisa, ko kyanwa, abin da suke takawa da shi, suke kuma kai mari da shi. Maharbi ba ya bukatar ganin zaki kafin ya san zaki ya wuce. Sawu ya ishe shi, kuma sau da yawa sawun ya fi zakin ban tsoro, domin wanda ka gani ka san inda yake. Damisar Bini tana tsaye tana kallonka, kana iya ƙirga zanenta ka yaba wa masassaƙi. Dagin Zariya kuwa labarin wucewa yake bayarwa. Wannan ya dace da yadda Bahaushe ya fahimci sarauta, inda sarki yake bayan rawani da amawali, ba a cika ganin fuskarsa ba, alamunsa dai ake gani.

Zakin da ba a zana a ƙofar fada ba kuwa, kullum ana jin sa a bakinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ranar hawan Sallah ko hawan Daushe ya ji fadawa suna ɗaga murya suna kiran sarki zaki, ya ji maroƙa da makaɗa suna ce masa giwa ko bajimi. Hoton da aka liƙa na ƙofar an ɗauke shi ne ba kowa a wurin, gini da launukansa kawai. Rabin aikin aka ɗauka. Ƙofa ce da ake tsayawa gabanta a yi kirari, kuma sai kirarin ya hau kan adon sannan zakin yake cika.

Zanko shi ne abin da ke tsaye a kan zakara, shi ne kuma sunan gashin da akan bari a tsakiyar kai in an yi aski. A gini yana da aikin yi, domin kusurwar soro wuri ne da ruwan sama yake ci, ƙarin ƙasar da aka tara a can tana kare ta. Amma aiki bai tilasta masa wannan tsini da wannan ɗagawa ba, bai kuma tilasta masa wannan suna ba. Wanda ya hau tudu ya dubi rufin tsofaffin unguwannin birni da hantsi zai ga abin da sunan yake nufi: soraye jere, kowanne ya ɗaga zankonsa, kamar zakaru a tsakar gida ɗaya. Soro mai zankwaye shela yake yi cewa mai gidan ya kai ya kawo. Magini bai zana zakara a jikin gida ba, gidan ya mayar zakara.

Na uku shi ne ya fi burge ni. Bakan gizo sunan abin nan ne da ke fitowa a sama lokacin damina, kuma daga lanƙwasarsa magina suka ari sunan. Amma kalmar kanta baka ce ta Gizo, mijin Ƙoƙi, gwarzon tatsuniya, wanda ba shi da ƙarfin zaki ko na giwa sai dabara. Dabara kuwa ita ce sirrin wannan gini. Ƙasa ba ta iya tsallaka sarari ita kaɗai. Azara kuma, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, tana da iyakar tsawon da za ta iya ɗaukar nauyi. Sai magini ya riƙa miƙo azara daga bango kaɗan-kaɗan, yana ɗaure wannan a kan waccan, yana lulluɓe su da ƙasa, har ɓarin da ya taso daga gabas ya haɗu da wanda ya taso daga yamma. Kowane ɓari ƙafa magina suke kiransa. In ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka ɗaga kai, ka ga ƙafafu sun fito ta ko'ina sun haɗu a cibiya guda, sai ka ce gizo-gizo ne ya yi maka rumfa. Hoton cikin masallacin da ɗalibata ta kalla ba ta ga dabba ba, a cikinsa dabba mafi girma a duk bangon take, ta fi raƙumin dawan Dabus nesa ba kusa ba.

Ko da zamani ya shigo, ɗabi'ar ba ta sauya ba. A tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da adon fuskar gida ya bunƙasa a Zariya, masu hali suka riƙa sa a yi musu keke da mota da jirgin sama da agogo a bango, kusa da takobi da dagi. Anthony Kirk-Greene ya yi rubutu a kan waɗannan gidaje a farkon shekarun 1960, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da littafi guda a kansu a 2007. Akan karanta keken a matsayin alamar arziki da son zamani, kuma haka ne. Abin da kunnen Bahaushe yake ƙarawa shi ne, keke dokin ƙarfe ne. A garin da darajar namiji take kan doki, ba a cika ganin doki a bango ba, sai da aka samu doki marar rai, wanda babu malamin da zai yi magana a kansa, sannan ya hau bango da sirdinsa.

Masu nazarin adabi suna da sunan wannan dabara. A cikin adon harshe, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara mana shi a nazarin waƙa, akwai dabbantarwa, wato a ba mutum ko abu siffar dabba, akwai kuma alamtarwa, inda wani abu yake tsayawa a matsayin alamar wani. Mun saba neman su a baitoci, ba mu saba neman su a jikin tubali ba. Amma wanda ya kira tsinin soro zanko ya dabbantar da gida, wanda kuma ya sa sawu a madadin zaki ya yi alamtarwa. Bambancin kawai shi ne, a nan rabin baitin ƙasa ce, rabin kuma kalma. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan karin magana aka shirya bangon ɗakin karatun. A fasahar ginin Zariya kuwa, gani jira yake ji ya zo ya ƙarasa shi.

Na san akwai mai cewa na ɗora wa sunaye kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma ƙorafin yana da tushe. Ƙullin da muke kira dagi ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Akwai danginsa a daɓen gidajen Rumawa, da adon littattafan Larabawa, da kayan sarautar Yarabawa, kuma mai yiwuwa siffar ce ta riga zuwa, sunan ya biyo baya. Haka kuma mafi yawan masu cewa bakan gizo yau ba sa tuna Gizo, kamar yadda mai cewa yanar gizo ba ya tuna tautau. Ban musa ba. Ba na kuma da'awar cewa magina sun zauna sun ƙulla dabarar zagaye hukuncin malamai; mutane ne da suka yi aikinsu cikin abin da aka halatta musu. Abin da nake cewa bai kai haka ba. Lokacin da wannan siffa ta zauna a ƙasar Hausa, ana iya kiranta ƙulli ko sarƙa ko tauraro, sai aka kira ta dagi. Sanya suna ma gani ne, kuma idon da ya dubi ƙulli ya ga sawun zaki ido ne da ya san daji. Sunan da aka manta asalinsa barci yake yi, aikin mai tarke ne ya tashe shi.

Akwai kuma abin da dole in sallama wa mai liƙe-liƙen, domin giɓin da ya nuna ba ƙage ba ne gaba ɗaya. Wanda ya sassaƙa raƙumin dawan Dabus ya san kowane tabo na fatarsa, kuma wannan ilimi na bin jikin dabba da hannu bai samu mazauni a bangon birni ba. Al'ummar da ta san halin kura da dila da zomo kamar halin maƙwabta, a baki ta zaɓi ajiye saninta, cikin tatsuniya da kirari da karin magana. Zaɓi ne mai riba da hasara, kuma laifin bangon shi ne ya lissafa hasarar ya tsallake ribar.

A Zariyar nan kuwa aka yi liƙe-liƙen da ya fi kowanne shahara a ƙasar Hausa, kuma tsuntsu ne ya riƙe shi. A nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Da yawa daga labaransa yankowa aka yi, daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Amma Imam bai bar ko ɗaya da gefen almakashi ba. Kowane labari sai da ya tsoma shi a marinar Hausa, ya ba shi sunaye da garuruwa da karin magana, ya kuma ba aku jagorancin tafiyar. Aku tsuntsu ne da darajarsa take a harshensa. Darasin da ya kuɓuce wa mai bangon ke nan: a wannan gari, in ka tara gutsattsarin duniya, sai ka ba su baki kafin su zama abu guda. Bangon ɗakin karatun ya cika da hotuna, babu kalma ko ɗaya a ƙarƙashinsu, alhali littattafai ne suke kewaye da shi.

Maganar ba ta tsaya a kan kwali da gam ba. Gidajen ƙasa na cikin birni suna raguwa kowace damina. Wanda ya samu kuɗi sai ya rushe soro ya sa bulo da kwano, kuma ba na ganin laifinsa, domin yaɓe kowace shekara wahala ce. A watan Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Siffar ginin ba za ta ɓace ba, domin akwai hotuna, akwai zane-zanen masana, akwai ma kwafin masallacin da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Abin da ba ya shiga hoto shi ne ke cikin haɗari. Mai aikin bulo yana da nasa kalmomin, linta da fila da silin, duk na aro, babu dabba ko ɗaya a cikinsu. Ranar da dattijon nan da tsararrakinsa suka kau, ana iya samun dagi a kowace ƙofar ƙarfe a Zariya ba tare da an san sawun wane ne ba. A ranar ne hukuncin bangon ɗakin karatu zai zama gaskiya.

Kafin in bar makarantar na nemi izini, na kira ɗalibar nan da 'yan ajinsu, muka yanka farar takarda ƙanana-ƙanana. Ba mu cire hoto ko ɗaya ba, ba mu kuma ƙara ba. A ƙarƙashin ƙofar fada muka liƙa dagi da ma'anarsa, a ƙarƙashin soro muka liƙa zanko, a ƙarƙashin masallaci muka liƙa bakan gizo. Na nemi afuwarta a kan amsar farko. Ta daɗe tana kallon hoton masallacin, tana ƙirga ƙafafun rufin da yatsa. Sannan ta ce kakarta ta san sunayen zanen da ake yi a ƙwarya da na ɗinkin hula, ta tambaya ko su ma za ta rubuto. Na ce ta rubuto, ta kuma yi sauri.